Babur Mai Tari a Hanyar Pitowa

Har yau ban manta da ranar da na ratsa Garwa cikin babbar rigar wani ba, da gajeren wandon aiki mai baƙin mai a ƙarƙashinta. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun sha jin tsofaffin kanikawa suna kirana Wakili, wasunku har suna rusunawa, suna zaton sarauta aka ba ni. Ba a ba ni komai ba, aron riga na yi na ɗan lokaci, sunan ya manne. Bari ku ji yadda aka yi.

A lokacin ina aiki a wani garejin babura a unguwar Yelwa, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Shekarun nan ne da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, kayan gyara suka yi tsada, abin da ya karye a ɗaure shi da waya, abin da ya faɗi a hanya kuma a yi masa addu'a a wuce. Tsarin gareji hawa uku ne. Akwai patron, wato mai wurin. Akwai shef, wanda ke gano cuta, ya hau gwaji, shi kuma ake zagi idan babur ya dawo. Sai 'yan koyo a ƙasa. Ni ne shef. Patron ɗinmu Malam Hamadu ne, Bafillace mai rowar magana. Idan aiki ya burge shi sai ya ce "boɗɗum", wato ya yi kyau, kuma kana iya shekara ba ka ji kalmar daga bakinsa ba.

Cikin masu kawo mana gyara akwai Alhaji Mamuda, ɗan kasuwar goro, wanda kakansa ya zo daga Kano da jakai ya zauna. Ya ba saba'in baya, ɗan siriri ne, ga tsafta kamar ba a ƙasa yake tafiya ba. Yana da wani jan babur ɗan Japan wanda ya girmi rabin 'yan koyonmu. Kowace Lahadi yakan hau shi zuwa Pitowa, ranar kasuwa. Goron da yake ɗaurawa a baya hujja ce kawai. Ainihin abin da ke kai shi yayarsa ce, Yaya Hajjo, wadda idonta ya rufe. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Takan zauna a soro tana sauraro, ta gane ƙarar babur ɗinsa tun bai shigo layin ba, ta sa a fito da fura.

Wata safiya ya turo babur ɗin cikin gareji ya ce mini tari yake yi. Na tambaye shi wane irin tari. Ya ce a cikin gari lafiya lau, amma da ya bar gidajen ƙarshe ya murɗa totur, sai ya shaƙe, ya riƙa fizga, salansa ta riƙa harbi tana fitar da baƙin hayaƙi. Da ya sassauta kuma sai ya warke kamar ba shi ba. Ya kwaikwayi tarin da bakinsa, har wani mai jiran faci ya ce masa sannu.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, inji abu uku yake nema: mai, iska da wuta. A ƙaramin gudu ko ɗaya ya gaza yakan lallaɓa. A babban gudu ne yake neman kowanne a cike, shi ya sa a nan asirin mai rauni ke tonuwa. Ƙa'idarmu ita ce a fara da mai sauƙi. Na cire filogi, wanda mu a nan muke ce wa buji, na same shi baƙi ƙirin da kunkunniya. Wannan yana nufin mai ya yi yawa, ko kuma iska ta yi kaɗan. Na goge shi, na kwance kabireta na hure 'yan ramukanta, na wanke soson matatar iska. Na juye tankin ma, don babur ɗin Alhaji zuwa-zuwa yake sha, man kwalba na bakin titi, wanda wani lokaci har da ɗan ruwa da yashi kyauta. Na lura murfin gefen hagu babu shi, bakin shan iskar yana waje. Ban kula ba, rabin baburan Garwa a lokacin haka suke yawo tsirara.

Na hau na bi hanyar Pitowa, na murɗa totur har ƙarshe. Babur ya yi ta gudu kamar ranar aka sauke shi daga jirgi. Na dawo na miƙa wa Alhaji makulli ina ɗaga kafaɗa.

Ranar Litinin sai ga shi ya dawo, fuska a murtuke. Filogi ya sake yin baƙi. Na ari kwayil daga wani babur na gwada, na duba ramin numfashi na murfin tanki, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na hau gwaji, lafiya lau, filogi ya fito da launin ƙasa mai kyau. Alhaji ya hau, ya dawo da tari da baƙin filogi. Muka yi ta haka har na fara jin kunyar wucewa ta gaban shagonsa. Akwai shingen jandarma a bakin gari, su ma sun gaji da ni, kullum sai sun tsayar da ni sun tambayi takardun babur ɗin da suka duba jiya.

Shi Alhaji yana da nasa bayanin. Ya ce na lura kuwa, tarin nan ya fara ne a makon da aka naɗa shi Wakilin 'yan goro? Akwai wanda ya nemi sarautar bai samu ba, kuma ba zai kama suna ba, amma mutumin yana da guntun gemu kuma shagonsa na kallon masallaci. Sai ga laya a wuyan babur. Bayan kwana kaɗan sai ga wata a madubi. Da ya ce zai sa a wanke babur ɗin da rubutu, na roƙe shi don girman Allah rubutun ya tsaya a waje, kada ɗigo ya shiga tanki, don ina da isasshiyar matsala.

Ana cikin haka babban ɗansa Nasiru ya zo garejin. Mutum ne mai natsuwa, yana sayar da bokitai da robobi a babbar kasuwa. Ya gaisa da patron da Fillanci, ya ja ni gefe. Ya ce su a gida sun zauna sun yi shawara. Tunda kanikawa ba su ga komai ba, kuma babur ba ya tari sai a hannun Baba, to hannun Baba ne ya fara rawa, ko kuma yana taka birki bai sani ba. Idan zuwa Lahadi gareji ya ce babur lafiyarsa ƙalau, za su karɓe makullin, Baba ya riƙa shiga motar haya, ko ya jira ranar da wani ya samu sukunin kai shi. Bai faɗa da mugunta ba, tsoro ne a idonsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Washegari Alhaji ya zo, bai ko zauna a bencin da muke shimfiɗa masa buhu ba. Ya matso kusa ya rage murya.

"Isiyaku, ɗana, ka nemo mini cuta a babur ɗin nan. Kowace iri ce, ni dai a samu."

Na ce masa ranka ya daɗe, mutane kan zo su roƙe ni kada in ga cuta.

"Yaya ba ta san ƙarar motar haya ba," in ji shi.

Gaskiya tausayinsa ya kama ni. Na ce to tunda a hannunsa yake tari, ya ɗauke ni a baya mu je in ji da kunnena. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya dubi rigarsa. Tun da aka naɗa shi ba ya fita sai da babbar riga, don a wajensu abin kunya ne a ga mai sarauta da kaftani kawai kamar ɗan aike. Ranar farar shadda ce ta sha guga. Sai ya tattare ta kaf, hagu da dama, ya cusa a tsakanin cinyoyinsa, don kada ta taɓa ni. Na hau na riƙe ƙarfen baya.

Muna wuce shingen jandarma dattijon nan ya sunkuya ya murɗa. Ban taɓa sanin babur ɗin yana da wannan gudun ba, ni da na yi ta gwada shi. Muka wuce motar auduga, muka wuce wani mai keke da ya faɗa ciyawa tun ba mu iso ba, wani bunsuru ya tsallaka da ikon Allah. Duk addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo sai da na karanta, har da ta cin abinci. Alhaji kuwa yana waiwayowa yana tambayata ko na ji tarin. Na ce ban ji ba, ya dubi gabansa. Ya ce bari ya ƙara, wataƙila ya zo. Babur bai yi tari ko ɗaya ba.

Muka dawo gareji, shi ransa a ɓace. Ya ce shi ke nan, babur ɗin munafuki ne, yana ganin kanike sai ya gyara hali. Ya sauka ya saki rigarsa ya kakkaɓe. A nan idona ya faɗa kan gefen hagunta, can ƙasa wajen gwiwa. Akwai wani tabo baƙi-baƙi, zagayayye, kamar an ɗora gindin kofin shayi. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya yi tsaki ya ce mai wankinsa ne ya lalace, duk rigunansa haka yake dawo da su, a wuri ɗaya kuma, har ya yi masa faɗa sau da yawa. Na dubi tabon, na dubi bakin shan iskar da babu murfi. Girmansu ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina son aron rigarka."

Alhaji ya tambayi patron ko shef ɗinsa ya fara shan wani abu. Na yi bayani cewa ina zargin rigar, amma zargi ba ya cikin ƙa'idar aiki, sai an sa cutar ta fito a gaban ido. Dole wani ya hau da rigar a sake, kuma bayan abin da na gani ɗazu ba zan sake hawa bayansa ba ko da za a ba ni garejin. Ya ce rigar sarauta ce. Na ce makullin da ake shirin karɓewa ma nasa ne. Patron, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya tashi ya buɗe ɗakin da muke ajiye tsofaffin tayoyi, ya nuna masa ciki da hannu.

Sharuɗɗan Alhaji ba su da yawa amma masu tsauri ne. Sai na wanke hannu da wuya da sabulu da yashi. Kada in zauna a kanta. Kada kowa ya san yana ciki. Ya shiga ya miƙo rigar ta saman ƙofa, ya zauna a kan taya daga shi sai 'yar ciki da hula, patron ya ja kujera ya tsare ƙofar. Na zura rigar. Ta sha turare, tana ƙara kamar takarda, ƙafafuna da silifas ɗin roba suna leƙowa daga ƙasa.

Tun ban bar unguwa ba na gane abin da riga ke yi wa mutum. Jan babur da farar shadda kawai mutane suke gani. Wani mai tallan goro ya sauke farantinsa ya durƙusa. Masu shayi suka ɗaga hannu suna cewa Allah ya ja zamanin Wakili. Da farko na sunkuyar da kai, daga baya na ga ai rashin ladabi ne a gaishe ka ka yi shiru, sai na fara ɗaga musu hannu a hankali yadda na ga manya suna yi. A shinge, jandarman da ya saba tsare ni ya sauke igiya tun daga nesa, har da ƙamewa.

Da na fita gari na murɗa totur. Iska ta cika rigar, ta kwaso gefen hagu ta shimfiɗa shi a jikin babur. Na ji wani ɗan fat, sai inji ya shaƙe, ya fara fizga, salansa ta harba. Na leƙa, ga shadda ta manne a bakin shan iska kamar an liƙa ta da gam. Na sa hannu na janye, babur ya wartsake ya zabura. Na saki, ya shaƙe. Ga duk cutar nan. A ƙaramin gudu zuƙar injin ba ta da ƙarfin riƙe ƙyalle, a babban gudu kuwa takan kama shi ta toshe wa kanta numfashi. Na yi ta ja ina saki ina dariya ni kaɗai a tsakiyar hanya. Murna ta sa na tattare rigar na ɗora a kafaɗa na juyo, na manta da abin da ke ƙasa. Jandarman nan ya ga gajeren wando da gwiwoyi masu baƙin mai, ya ɗaga igiya. Sai da na daɗe ina rantsuwa kafin ya yarda ba a shanya na tsinko ta ba.

Na iske Nasiru a gareji, ya zo neman mahaifinsa, patron yana ce masa bai san inda yake ba, alhali ana jin atishawa daga ɗakin tayoyi. Na miƙa rigar ta saman ƙofa. Alhaji ya fito yana shinshina ta. Na kafe babur a tsaye, na tayar, na murɗa totur sosai, na roƙi Alhaji ya matso da gefen rigarsa. Injin ya fizge ta ya fara tari a gaban kowa. Ya janye, ya warke.

Alhaji ya ɗaga hannunsa na dama ya miƙa shi gaban fuskar ɗansa. "Ka gani? Ina rawar? Ka je ka gaya wa sauran." Sannan ya ce in tuna masa ya ba mai wanki haƙuri. Mai guntun gemu dai bai ambace shi ba, layun kuma ya ce a bar su, ba su tsare wa kowa komai ba. Na ce maganin mai sauƙi ne, maƙeri zai yanko mana murfi daga gwangwani, kafin la'asar an gama.

Nasiru ya yi dariya har da hawaye, ya ba mahaifinsa haƙuri. Sai kuma ya tsaya ya dube ni. Ya ce ya ji an ce ɗazu Baba ya goya ni, yaya tafiyar ta kasance da rigar a tattare? Na so in ce lafiya, amma bakina ya ƙi. Na gaya masa maganar motar auduga da mai keke da bunsuru. Alhaji ya harare ni, ya ce bunsurun ne ba shi da hankali.

"Baba," in ji Nasiru, "ashe duk watannin nan rigar ce ke riƙe mana kai. Ka zaɓa, ko murfi, ko makulli. In an sa murfin, ni zan tafi da makullin."

Na zaci za a yi rigima. Alhaji ya daɗe yana kallon babur ɗin. Can ya gyara zaman rigar a kafaɗa, ya ce dama shi ma ya jima yana tunani, bai dace a ga Wakili guda yana tsere da 'yan kilando, wato masu acaɓa, a kan titi ba. A bar murfin. Ya karɓi makullinsa ya sa a aljihu ya dafe. Na ce ya riƙa kawo filogin ina gogewa. Patron ya dubi babur ɗin da ba mu gyara ba, ya ce, "Boɗɗum."

Bayan 'yan makonni na je Pitowa ranar kasuwa neman kayan gyara. A hanya na cim ma Alhaji yana tafiya sannu-sannu, riga a sake, har wani mai amalanke yana neman wuce shi. Na bi bayansa daga nesa don in ga ko zai cika alkawari. Ya cika har bakin garin. Amma da ya zo wani ɗan miƙaƙƙen fili kafin layin yayarsa, inda babu kowa sai tsangayar masu gyaɗa, sai ya tsaya ya duba hagu da dama. Ya kamo gefen rigar na hagu ya soke a ƙarƙashin cinya. Ya ɗago ya gan ni.

Bai ji kunya ba. Ya ce Lahadin farko da ya shigo a hankali, Yaya ba ta gane shi ba. Ta ɗauka mai tallan kalanzir ne, ta ci gaba da zama tana jira, shi kuwa yana tsaye a gabanta. Da ya yi sallama ta tambaye shi ko ba shi da lafiya ne. Shi ya sa wannan ɗan filin kawai yake ara.

Ya murɗa, babur ya yi kukansa na da. Kafin na ƙarasa kwanar na hango wata tsohuwa a bakin soro ta ɗaga kai, tana lalubar sandarta, tana cewa a fito da furar, Mamuda ya iso. Da na gaya wa Nasiru, sai ya ce a bar wa Baba filin.

Abin da na ɗauka daga wannan aikin shi nake gaya muku kullum kuna ganin tsufa ne. Idan babur ya ƙi nuna cutarsa a hannunka, ka ajiye sifana ka dubi mai shi, yadda yake zama, abin da yake sawa, abin da ya sauya a rayuwarsa tun da abin ya fara. Kuma ka tambaye shi ina yake zuwa da babur ɗin. Ni na yi makonni ina hura kabireta, ban taɓa tambayar wa ke sauraro a ɗaya ƙarshen hanyar ba.